Injin Sassaƙa Mai Rawa: Laifin Ɗan Sin Ne Ko Na Daɓe?

Duk wanda ya zauna da kafintocin Damagaram, daga Zango har bakin Kasuwar Dole, ya san ƙorafin da ake yi a kan injin juya katako, wanda masu sana'ar ke kira tur. Mutum ya tara kuɗinsa ya sayo sabo fil, ya kafa a zaure ko a wani ɗaki na cikin gida don ya riƙa fitar da ƙafafun gado da na tebur da akushi, yana kunnawa sai injin ya kama karkarwa har yana tafiya da ƙafarsa. Kafin la'asar an yanke hukunci: ɗan Sin ne, jabu ne, an cuce shi. Jabu kam akwai shi a kasuwa. Amma mafi yawan injinan da ake tsine wa lafiyarsu lau, zaman da aka yi musu ne bai yi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin da ake bayarwa. Sai ka ji an ce a aro nibo wurin magini, ma'aunin nan mai ƙwayar iska a cikin ruwa, a ɗora a tsakiyar injin, in ƙwayar ta tsaya a tsakiya shi ke nan an gama. Ba a gama ba. Injin juya katako bai damu da ya kwanta daidai da fuskar ruwa ba. Manyan jiragen ruwa suna ɗauke da irinsa na ƙarfe a ɗakin gyaransu, teku na jijjiga su dare da rana, aikin kuma yana fita sumul. Abin da injin ba ya yafewa shi ne murɗewar gadonsa, wato dogayen ƙarafa biyun nan da kai da wutsiya ke zaune a kansu.

Dubi murhu. Duwatsu uku ne, kuma ko a kan tudu aka jera su tukunya ba ta girgiza, domin ƙafa uku kullum tana samun wurin takawa. Ƙara dutse na huɗu ka ga aiki: in bai yi tsawo ɗaya da 'yan'uwansa ba, tukunyar ta dinga kai da komo ke nan tsakanin biyu. Injin nan ƙafa huɗu gare shi, daɓenmu kuwa, na ƙasa ne ko na siminti, da wuya ya miƙe sak. Saboda haka ƙafa uku ke ɗauke da nauyi, ta huɗu tana lilo a sama, ko da tazarar ba ta wuce kaurin takarda biyu ba. Mai injin sai ya ga dabara ta zo masa, ya huda ƙasa ya ɗaure ƙafafun huɗu da noti tamau. Rawar ta ragu, amma ya janyo ƙafa ta huɗu ƙasa da ƙarfin tsiya, gadon ya murɗe. Ƙarfe ma yana lanƙwasa, ido ne kawai ba ya gani.

To ga amfanin nibo na gaskiya. A gicciye za ka ɗora shi, sau ɗaya kusa da kai, sau ɗaya can wajen wutsiya. In ƙwayar ta tsaya wuri guda a duka biyun, ko da ta ɗan karkata gefe, gadon bai murɗe ba. In nan ta yi hagu can ta yi dama, sai gyara. Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar aron komai: turo wutsiyar har tsininta ya kusa taɓa tsinin kai, ka ɗaure ta, ka leƙa ta sama da ta gefe. Ya kamata su haɗu baki da baki. Ƙafar tebur da aka kama ta gefe biyu takan haƙura da ɗan saɓani, amma ran da ka tashi huda rami daga wutsiya, ko ka kama akushi a kai ka tokare shi da ita, ramin zai fita da faɗi, boris kuma ya fara cinyewa.

Gyaran shi ne ciko a ƙarƙashin ƙafa, a yi shi kuwa da yankan ƙarfe ko zoben ƙarfen da ake sa wa noti. Kwali yana lotsewa, guntun katako abincin gara ne, robar taya kuma ƙara wa injin tsalle take yi. Ana cusa ciko ƙarƙashin ƙafar da ke lilo har sai ta ɗauki nata rabon, sannan in za a ɗaure a ɗaure. Mai daɓen ƙasa gara ya zuba wa injin dandamalin siminti nasa na kansa. Kada kuma a jingina shi da bango. Gidajen ƙasa na Zango masu zayyana a fuska, waɗanda suka ga zamanin ayarin Azbinawa, ba a gina su don girgizar yini guda ba. Bayan damina a sake dubawa, don ƙasa takan zauna. Tsayin injin kuma, tsinin ya zo daidai gwiwar hannun mai aiki yana tsaye.

Ko an yi duk wannan, injin zai yi rawa in katakon da aka ɗora masa ya fi nauyi ta gefe ɗaya. A nan lissafin ba ya da tausayi: ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin fizgar ya ninku sau huɗu, ka ninka sau uku, ya zama tara. Kututture mai faɗin santimita 30 da ke juyawa sau 1,500 a minti, bakinsa na gudun kusan kilomita 85 a awa. Ka ƙaddara guntun kirya, icen turmi mai nauyin nan, ya kuɓuce a wannan gudu cikin ɗakin da yara ke shige da fice. Masu sana'ar a Amurka suna da ƙa'idar da suke bi, in aka mayar da ita santimita ta zama haka: faɗin katako sau yawan juyi a minti ya tsaya tsakanin 15,000 da 23,000. Mai santimita 30 ke nan juyi 500 zuwa 750 ya ishe shi, ɗanyen kututture mai ƙusumbi kuma ƙasa da haka. Masassaƙan gargajiya ba a bar su a baya ba a nan: a fara rage masa tudu da gizago, a mayar da bel kan gudu mafi ƙanƙanta, a juya katakon da hannu a ga bai bugi komai ba, sannan a tsaya gefe a kunna. Babbar riga da jelar rawani da carbi a wuya, a rataye su a ƙofa.

Sai wuta. Tamu bolt 220 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, don haka tsohon injin Amurka mai bolt 110 da bugu 60 ba a cusa shi a soket haka nan. Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, ba ta maido ba sai Maris na 2024, mutane da yawa suka koma wa janareto. Motar injin kuwa a lokacin tashi tana jan ninki biyar ko fiye na abin da take ci in ta kama gudu, shi ya sa ƙaramin janareto ke shaƙewa, motar ta yi ta gurnani har ta ƙone. Wayar da ake binnewa a ƙasa don tsaron rai ma ba ado ba ce, kuma a busasshiyar ƙasa mai duwatsu irin ta Damagaram sai an zurfafa mata.

Hukumomi da ƙungiyoyi suna son bikin raba wa matasa kayan sana'a, a jera injina a ɗauki hoto. Da za a ware ko yini guda a bi kowane matashi gida a kafa masa, da an rage waɗanda ke kwance ƙarƙashin ƙura ana ce musu jabu. Kafin wannan rana ta zo, mai sabon inji ya dafa kowace kusurwa ya ji wace ƙafa ke motsi, ya haɗa tsini da tsini ya leƙa, kafin ya ɗauki injin ya koma wa mai shago da faɗa.