Tsarabar Faransa: Yadda ake gane kayan hannu na asali a kasuwannin ƙauye

Kowace Asabar, tun wajen ƙarfe 8 na safe, titunan garin Apt da ke kudancin Faransa kan cika da rumfuna. Ga masu zaitun da cuku, ga masu zuma, ga masu sabulu da tukwanen yumɓu da mayafan tebur masu launin rawaya da shuɗi. Kafin ƙarfe 1 na rana an fara kwashe kaya, kasuwa ta watse sai wani makon.

Haka tsarin yake a yankin Provence, kowane gari da ranar kasuwarsa. Vaison-la-Romaine na ci ranar Talata, Saint-Rémy ranar Laraba, Carpentras ranar Juma'a, yayin da L'Isle-sur-la-Sorgue, wadda ta yi suna da tsofaffin kayan tarihi, ke cika maƙil ranar Lahadi.

A nan ne baƙi 'yan yawon buɗe ido ke neman tsarabar da za su kai gida. Sai dai ba duk abin da aka baje a kan tebur ne aikin hannun mutanen yankin ba. Wasu kayan daga masana'antun wasu ƙasashe suke zuwa, suna ɗauke da sunayen garuruwan Faransa. Mai saye yana asarar kuɗinsa, mai sana'ar da ya gaji aikin kuma yana asarar kasuwarsa.

Sabulun da kowa ke amfani da sunansa

Babu tsarabar da ta fi sabulun Marseille farin jini, kuma babu wadda aka fi kwaikwaya.

A shekarar 1688, a zamanin Sarki Louis na 14, aka kafa dokar da ta ce da man zaitun za a riƙa yin wannan sabulu, ba da kitsen dabba ba. Daga baya, a ƙarni na 19, masana'antun birnin suka ƙara da wasu mayukan tsirrai, ciki har da man ja da man gyaɗar da jiragen ruwa ke kawowa daga Afirka ta Yamma. Zuwa 1913 akwai masana'antun sabulu kusan 90 a Marseille.

Yau kaɗan ne suka rage masu bin tsohuwar hanya. Huɗu daga cikinsu, wato Fer à Cheval da Le Sérail da Savonnerie du Midi a Marseille, da Marius Fabre a garin Salon-de-Provence, sun kafa ƙungiya a 2011 domin kare sana'ar.

Abin da ke damunsu shi ne sunan ya daɗe da zama na kowa. Kamfani a kowace ƙasa kan iya buga "Savon de Marseille" a jikin sabulunsa, ko da bai bi tsarin da aka gada ba.

Na asalin ana dafa shi ne a manyan tukwane, aikin kan ɗauki kusan mako biyu, kuma abu huɗu kacal ke shiga cikinsa: man tsirrai, ruwa, gishiri da soda. Ba turare, ba rini. Kala biyu gare shi: kore idan da man zaitun aka yi, ko fari mai ɗan duhu idan da wasu mayukan ne. A jikinsa ana buga hatimin da ke nuna kashi 72 cikin 100 mai ne, tare da sunan masana'antar.

Saboda haka sabulan nan masu ruwan hoda da shuɗi da ƙamshin 'ya'yan itatuwa, komai kyansu a ido, ba su ne na gargajiyar ba. Wanda kuma ba ya son sabulu mai kitsen dabba sai ya duba takardar jikinsa: idan ya ga "sodium tallowate", to da kitse aka yi.

Labanda iri biyu ce

Kusa da rumfar sabulu galibi akwai ta labanda, furen nan mai launin shunayya da ke rufe gonakin Provence daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Agusta. Ana sayar da busasshiyarta a ƙananan jakunkuna da ake sawa cikin akwatin tufafi, ana kuma sayar da manta a kwalabe.

Akwai labanda ta ainihi, wadda ke son tuddai masu tsayi kamar na kewayen garin Sault. Akwai kuma "lavandin", wadda aure ce tsakanin irin labanda biyu. Ita ta fi yabanya, ta fi ba da mai, ta fi araha, ƙamshinta kuma ya fi kaifi, yana kama da na kafur. Ita ce ta mamaye filayen Valensole da hotunansu ke yawo a intanet.

Lavandin ba jabu ba ce, manoman yankin ne ke noma ta. Matsalar na tasowa ne idan aka sayar da ita da farashin ta ainihin. Man labandar Haute-Provence yana da shaidar asali ta hukuma tun 1981, kuma ana gane shi da alamar AOP a jikin kwalba.

'Yan mutum-mutumin yumɓu

Wata sana'ar da Provence ke alfahari da ita ita ce ta "santons", ƙananan mutum-mutumi na yumɓu da Kiristocin yankin ke jerawa a gida lokacin Kirsimeti. Sun yaɗu ne bayan juyin juya halin Faransa na 1789, lokacin da aka rufe coci-coci mutane suka koma yin adon bikin a gidajensu.

Jean-Louis Lagnel, wanda aka haifa a Marseille a 1764, shi ake dangantawa da fara yin su da yumɓu ta hanyar amfani da mazubi. Birnin ya fara kasuwarsu a 1803, kuma har yanzu tana ci duk ƙarshen shekara. Garin Aubagne da ke kusa shi ne cibiyar masu sana'ar.

Siffofin na mutanen ƙauye ne: makiyayi, mai niƙa, mai sayar da kifi, mai ɗebo ruwa. Na asalin yumɓu ne da aka gasa aka yi wa fenti da hannu, kuma sau da yawa akwai suna ko hatimin mai yin sa a ƙarƙashi. Na roba ya fi sauƙi a hannu, kuma duk ɗaya suke fitowa kamar an tsaga kara.

Wuƙar Laguiole

A kusan kowace kasuwa a kudancin ƙasar akwai mai wuƙaƙen Laguiole, masu naɗewa, da 'yar siffar ƙudan zuma a bayansu. Sunan na wani ƙauye ne a lardin Aveyron, inda aka fara ƙera su a farkon ƙarni na 19. Garin Thiers, cibiyar maƙeran wuƙa a Faransa, shi ma ya daɗe yana ƙera su.

Shekara da shekaru sunan ba shi da kariya, abin da ya ba masana'antu a Chaina da Pakistan damar cika kasuwa da masu araha. Ƙudan zuman ba shaida ba ne, kowa na iya sawa. Abin dubawa shi ne sunan maƙerin da ke jikin ƙarfen da takardar shaidar inda aka ƙera. Duk wanda ya saya, sai ya tuna a babbar jaka ake sa ta, ba a ta hannu ba, idan za a hau jirgi.

Abin da hukuma ke yi

A 2014 Faransa ta yi dokar da ta ba kayan sana'ar hannu damar samun shaidar asalin yanki, irin wadda cuku da sauran kayan abinci suka daɗe da samu. Tangaran na Limoges na cikin waɗanda suka samu a 2017. Tun 2005 kuma akwai lambar EPV da gwamnati ke bai wa kamfanonin da ke riƙe da sana'ar gado.

Amma hukuma ba ta tsaye a gaban kowace rumfa. Sauran aikin na mai saye ne.

Ladabin kasuwa

Gaisuwa ce farko. Wanda ya tsaya a rumfa bai ce "Bonjour" ba, ana ɗaukarsa maras ladabi.

Wanda ya saba da taya kaya rabin kuɗi a kasuwar Kurmi ta Kano zai ga bambanci. Doka ta wajabta rubuta farashi, kuma mai sana'ar hannu ba ya son a raina aikinsa da tayi. Inda ake ciniki sosai shi ne wurin masu tsofaffin kaya, kamar na L'Isle-sur-la-Sorgue.

Yana da kyau a riƙe ƙananan kuɗin yuro, domin ba kowace rumfa ke karɓar kati a kan ƙaramin ciniki ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce tambaya: wa ya yi wannan, kuma a ina? Wanda ya yi da hannunsa zai faɗi sunan garinsa, ya bayyana yadda aikin yake, wani lokaci har ya ba da adireshin wurin aikinsa. Rumfar da ta haɗa sabulu da wuƙa da tukunya da mayafi duk a tebur ɗaya, cikin araha mai ban mamaki, ta ɗan kasuwa ce mai saro kaya. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.