Toshewar tantani a tankin tace ruwa marar iska

Toshewar tantani ita ce taruwar datti a kan tantanin tacewa ko a cikin ƙofofinsa, har ruwa ya kasa wucewa yadda ya kamata. Ita ce babbar matsalar na'urar tsaftace gurɓataccen ruwa da ake taƙaita sunanta da AnMBR. Na'urar ta haɗa abu biyu: rufaffen tanki inda ƙwayoyin halitta ke cinye ƙazantar ruwa ba tare da iskar oksijin ba, da kuma tantani mai ƙananan ƙofofi, yawanci ƙasa da rabin maikiron ɗaya, wanda ke barin ruwa ya fita ya riƙe laka da ƙwayoyin a ciki.

Dalilin amfani da tantanin

Ƙwayoyin da ke aiki babu oksijin suna mayar da ƙazanta zuwa iskar gas mai ɗauke da metan, wadda ake ƙonawa a sami zafi ko lantarki. Sai dai masu samar da metan ɗin suna da jinkirin hayayyafa, kuma idan ruwa ya riƙa kwashe su daga tanki, aikin zai tsaya. Tantani ne ke tsare su. Saboda haka ake yi wa tsarin kallon hanyar da za ta sa matatar ruwa ta samar da makamashi maimakon ta ci shi kawai. Toshewa ce ke tsaye tsakanin wannan buri da cikarsa, domin wutar da ake kashewa wajen hana ta na iya cinye ribar gas ɗin gaba ɗaya.

Tarihi

Hans Grethlein ya wallafa gwajin haɗa tantani da tankin ruwan masai a Amurka a 1978. A farkon shekarun 1980 kamfanin Dorr-Oliver ya fito da irin wannan tsari don ruwan masana'antar cuku, sannan Japan da Afirka ta Kudu suka gudanar da nasu binciken a cikin shekarun. Tsadar tantani da saurin toshewarsa suka hana fasahar yaɗuwa a lokacin. Ta farfaɗo daga baya, musamman a masana'antun abinci, kamar masana'antar Ken's Foods da ke jihar Masachusets, wadda ta fara amfani da ita a 2008.

Abubuwan da ke toshe tantani

Na farko shi ne ɓawon laka. Yayin da ake zuƙo ruwa, ƙwayoyin halitta da guntayen datti suna mannewa a fuskar tantani, su yi kauri, matsin ruwa kuma ya daddanne su. A mafi yawan tankuna wannan ɓawo ne ke da kaso mafi girma na tirjiyar da ruwa ke fuskanta. Lakar tanki marar iska ta fi ta tanki mai iska laushi da ƙananan ɓarɓashi, shi ya sa ɓawonta ke fin matsewa.

Na biyu shi ne yauƙin da ƙwayoyin ke fitarwa da kansu. Suna lulluɓe jikinsu da wani abu mai danƙo da ya ƙunshi furotin da nau'o'in sukari, wani kuma yana narkewa cikin ruwa idan sun ci abinci ko sun mutu. Wannan yauƙi shi ne gam ɗin da ke haɗa ɓawon, kuma ƙananan sassansa suna kutsawa cikin ƙofofin tantani su maƙale. Abin lura a nan shi ne, yawancin dattin da ya fi wuyar cirewa ba da ruwan ya shigo ba. A cikin tankin aka haife shi.

Na uku shi ne gishirin ma'adinai. Ruɓewar furotin babu oksijin tana sakin amoniya da fosfet, kuma idan suka haɗu da maganiziyam sai su daskare su zama wani farin dutse mai suna siturubait. Gishirin kalsiyam ma yana yin haka. Idan waɗannan suka cakuɗu da laka, ɓawon yakan yi tauri kamar siminti, wankin ruwa ba ya ɗaga shi.

Sanyi yana ƙara dagula lamarin. Ruwa mai zafin digiri 10 ya fi mai digiri 25 kauri da kusan rabi, kuma ƙwayoyin suna rage cin abinci, datti ya taru.

Yadda ake gane ta

Ana auna bambancin matsi tsakanin ɓangarori biyu na tantani. Idan ana zuƙo ruwa daidai wa daida, matsin yakan ɗan tashi da farko, ya ci gaba da hawa a hankali na makonni ko watanni, sannan kwatsam ya yi tsalle. Dalilin tsallen shi ne, sassan da suka toshe sun bar wa sauran dukan aikin, su ma sai su toshe da sauri. A 1995 Robert Field da abokan aikinsa suka gabatar da ra'ayin cewa akwai iyakar gudun ruwa wadda in ba a ƙetare ta ba toshewa ba ta yin tsanani. Masu gudanar da tankuna suna zama ƙasa da wannan iyaka, abin da ke nufin sayen tantani mai faɗi, wato ƙarin kuɗi. Tankunan marasa iska sukan tace ƙasa da lita 15 a kowace murabba'in mita cikin awa ɗaya, alhali masu iska sukan haura 20.

Hanyoyin magancewa

A tanki mai iska, kumfar iskar da ake hurawa ce ke goge tantani. A nan ba za a iya ba, domin oksijin guba ce ga masu samar da metan. Don haka ake mayar da gas ɗin da tankin ya samar, a hura shi ta ƙarƙashin tantani. Hanyar tana aiki, amma sau da yawa ita ce ke cin mafi yawan wutar matatar. Ana haɗa ta da dakatar da zuƙo na ɗan lokaci, da kuma tura ruwa ta baya don ya ture dattin ƙofofi.

Abin da ya ƙi fita da waɗannan sai an sa sinadari: kulorin ko soda mai ƙuna don yauƙi, asid ɗin sitirik don gishiri. Kowane wanki yana rage wa tantani kwana, kuma kulorin da ya zube cikin tanki yana kashe ƙwayoyin. Akwai kuma toshewar da ba ta fita ko da sinadari, wadda ke taruwa shekara da shekaru har a sauya tantanin.

Perry McCarty na Jami'ar Stanford da Jaeho Bae na Jami'ar Inha a Koriya ta Kudu sun bi wata hanya dabam. Sun zuba tsakin gawayin tace ruwa a cikin tankin, ruwa na ɗaga shi yana gogar tantani, yana kuma tsotse wani sashe na yauƙin. A gwajin da aka yi a birnin Bucheon, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2014, tankin ya yi kwana 485 yana tace ruwan gidaje ba tare da wankin sinadari ba, har da lokacin hunturu. Da aka duba tantanin daga baya, an tarar gogar gawayin ta cinye fuskarsa a wasu wurare, musamman ta ƙasa inda manyan tsaki ke taruwa. Binciken da ya biyo baya ya karkata ga girman tsakin da ya dace da kuma tantanin yumɓu da aka gasa, wanda ya fi na roba jure gogayya amma ya fi shi tsada.