Kati ɗaya ko biyu? Abin da tarihin All-in-Wonder ya nuna wa mai son talabijin a kwamfuta

A watan Nuwamba na 1996 kamfanin ATI na ƙasar Kanada ya fito da wani kati da ake sokawa cikin kwamfuta, ya sa masa suna All-in-Wonder. Aikinsa na farko shi ne na kowane katin hoto, wato zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta. Amma a gefensa an manna wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai bakin da ake ɗaura wayar eriya, kuma wannan gwangwani ne ke kamo tashoshin talabijin. Ke nan da kati ɗaya mutum zai yi aikinsa, ya buga wasa, ya kalli labarai, ya kuma naɗi shirin da yake so. Sauran kamfanoni ba su zauna ba: Matrox ya fito da Marvel, 3dfx ya fito da Voodoo3 3500 TV a 1999, Nvidia kuma ya biyo da Personal Cinema. Tun daga lokacin masu haɗa kwamfuta suka shiga gardama a kan tambaya guda. Shin a sayi wannan mai komai-da-ruwanka, ko a sayi katin hoto daban, katin kama tasha daban?

Ra'ayina shi ne a raba su. Amma kafin in faɗi dalili, ya kamata a yi wa haɗaɗɗen katin adalci, domin waɗanda suka saye shi ba wauta suka yi ba. Gurbi ɗaya yake ci a jikin madabod, kuma wannan babban abu ne ga mai ƙaramin akwatin kwamfuta da yake so ya ajiye a falo. Manhajarsa daga hannu ɗaya ta fito, ba sai an yi ta fama da direbobin kamfanoni biyu da ba sa ga maciji da juna ba. Sau da yawa kuɗinsa bai kai na kati biyu ba. All-in-Wonder Radeon 8500DV na 2001 ma har da rimot ya zo, da kafar FireWire ta jona kyamarar bidiyo. Wanda ya buɗe kwalin a wancan zamani dole abin ya burge shi.

Matsalar ita ce sassan biyu ba tare suke tsufa ba. A shekarun nan katin hoto ba ya wuce shekara biyu ko uku sai sababbin wasanni su fi ƙarfinsa. Ɓangaren kama tasha kuwa babu ruwansa da wannan tsere, muddin gidan talabijin bai sauya yadda yake watsa shirye-shiryensa ba, zai yi ta aiki shekara da shekaru. To idan an ɗinke su wuri ɗaya, ranar da ɗaya ya gaza dole a yar da ɗan'uwansa mai lafiya. Duk wanda ya taɓa mallakar rediyo mai kaset ya san wannan: kaset ɗin ne ya lalace, amma rediyon gaba ɗaya za a kai wa mai gyara, gida ya kwana babu labarai.

Shekarar 2004 ta nuna haka a fili. A lokacin ne aka fara sauya gurbin katin hoto daga AGP zuwa PCI Express. Wanda ya sayi sabuwar madabod sai ya tarar All-in-Wonder ɗinsa na AGP ba shi da inda zai shiga, talabijin ɗinsa ta tafi tare da shi. Maƙwabcinsa mai katin WinTV na kamfanin Hauppauge da ke jihar New York kuwa, kwance dunƙule ɗaya kawai ya yi, ya zare katin daga tsohuwar kwamfuta ya soka a sabuwa, domin gurbin PCI na nan bai je ko'ina ba. Da Windows Vista ta zo a 2007 da sabon tsarin direbobi, masu haɗaɗɗen kati sun sake shan wahala, saboda tsohuwar manhajar kallon talabijin ta ATI ba ta bi su can ba.

Akwai kuma batun naɗar shiri, wanda a nan ne na fi ganin bambanci. Hoton talabijin irin na tsarin PAL, idan aka mayar da shi lambobi ba tare da an matse shi ba, yana cin wajen megabait 20 a kowace daƙiƙa, wato sama da gigabait 70 a awa ɗaya. Rumbun ajiyar kwamfutar wancan zamani ba zai ɗauka ba, dole a matse hoton zuwa tsarin MPEG-2, irin na faifan DVD, ya koma gigabait 2 ko 3 a awa. Wa zai yi wannan aikin matsewa? A yawancin katunan All-in-Wonder furosesa ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin. Sai ka ji fanka na ta kuka, kwamfuta ta yi nauyi, in ka kuskura ka buɗe wani aiki hoton ya riƙa tsalle, murya ta riga baki. Kati irin su WinTV PVR-250 da PVR-150 kuwa suna da nasu guntun da ke matse hoton tun a jikin katin, furosesa sai dai ta karɓa ta ajiye. Shi ya sa masu haɗa kwamfutar falo da Windows Media Center, ko da manhajar MythTV ta Linux, suka fi karkata gare su. Kuma mai son ya kalli tasha ɗaya yana naɗar wata sai ya ƙara kati na biyu, abin da ba zai yiwu da katin hoto ba cikin sauƙi.

Shi kansa ATI ya san da haka, domin a lokacin yana sayar da nasa katin kama tasha mai zaman kansa, TV Wonder. Bayan kamfanin AMD ya saye ATI a 2006, All-in-Wonder HD na 2008 ne ya zama na ƙarshe. A ranar 12 ga Yuni 2009 manyan tashoshin Amurka suka kashe watsa shiri na analog, duk wani gwangwanin da analog kaɗai ya iya ya zama ado a can.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kayan gwanjon Amurka da Turai a kasuwanninmu suke ƙarewa. Katin da aka yi wa Amurka yana jin tsarin NTSC ne, na zamanin dijital kuma ATSC. Nijeriya da PAL ta yi aiki, Nijar da SECAM, kuma da aka zo zamanin dijital tsarin DVB-T2 aka ɗauka, wanda Nijeriya ta fara ƙaddamarwa a Jos a watan Afrilu na 2016. Mai saye ya duba wannan kafin ya duba farashi. Ko da katin ya dace da DVB-T2, tashoshin da aka kulle irin na StarTimes ba za su buɗu ba sai da dikodarsu. A yau ma ba sai an buɗe cikin kwamfuta ba, akwai ɗan abin kama tasha da ake sokawa a kafar USB, wanda shi ne jikan wancan kati mai zaman kansa.

Wuri ɗaya ne tsohon All-in-Wonder bai rasa darajarsa ba, kuma wurin yana da muhimmanci a gare ni. Katin yana zuwa da wata waya mai ɗan akwati a bakinta, mai kafar rawaya ta hoto, da ja da fara na murya, da kafar S-Video. Ta nan ake jona na'urar bidiyo a kwashe abin da ke cikin kaset zuwa kwamfuta. Har yanzu masu aikin ceto tsofaffin kaset a Amurka da Turai suna neman na AGP ɗin, su haɗa masa tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, saboda kyawun hoton da yake ɗauka. Mu kuwa gidajenmu cike suke da kaset ɗin biki da suna da tafsiri da hawan salla, ga finafinan Hausa na farkon shekarun 1990, zafi da ƙura da laima na cin su a hankali. Wanda ya ci karo da irin wannan kati a wurin masu gwanjo, kada ya saye shi don kallon tasha, wannan zamani ya wuce. Ya saye shi don kaset ɗin da ke ƙarƙashin gado, ya tabbata na PAL ne kuma wayoyinsa sun cika, ya fara kwashewa tun kaset ɗin na iya juyawa.