Sitiyari Mai Nauyi Da Safiyar Ɗari

Duk direban da ya taɓa kwana a Agadas ko Iferwan cikin watan Janairu ya san yadda mota ke tashi da asuba. Inji ya kama da ƙyar, sa'an nan da an murɗa sitiyari, wanda direbobinmu ke kira bolan, sai a ji wani kuka yana fitowa daga gaba, hannu kuma ya ji nauyin da babu shi jiya da rana. Da yawa sukan ce ai sanyi ne, in rana ta ɗaga zai wuce. Lalle yakan wuce, amma kukan nan shaida ne cewa akwai abin da ke lalacewa.

A motocin da ke da sitiyari mai aiki da mai, irin su Land Cruiser da Hilux da manyan motocin kaya masu bin hanyar Tawa zuwa Arlit, akwai ɗan famfo da inji ke juyawa. Shi ne ke tura mai cikin tiyo zuwa akwatin sitiyari, man kuma ya taya direba tura ƙafafun gaba. Ƙarfin turin yakan kai bar 70 zuwa 100 sa'ad da aka murɗa sosai, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da ƴan kai ba. Dabarar ta daɗe, domin tun 1951 kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sayar da motar Imperial da ita. Sababbin ƙananan motoci da dama yanzu da lantarki sitiyarinsu ke aiki, ba su shan mai sam, saboda haka wannan magana ba ta shafe su ba.

A ƙasarmu zafi ne ke fara ɓarna, ɗari ya zo ya tona ta. Zafin Afrilu da Mayu yana dafa man har ya yi baƙi, yana kuma busar da robobin da ke toshe mahaɗar tiyo da famfo. In hunturu ya shigo, dare a Abzin da Kawar ya sauko kusa da sifiri, sai tsohon man ya yi kauri, famfo ya kasa jawo shi da sauri, robar da ta bushe kuma ta ƙanƙance. Ta nan iska ke shiga, man ya yi kumfa. Kumfa ba ta tura komi, ba ta kuma shafe ƙarfe, don haka famfo ke kuka yana cin kansa. A Maraɗi da Damagaram sanyin bai kai na arewa ba, amma ya isa ya tona motar da aka yi shekaru ba a sake mata wannan mai ba.

Duba shi ba ya cin minti biyar. A tsayar da mota wuri mai daidai, a goge murfin ɗan tankin da tsumma kafin a buɗe, domin ƙurar hunturu in ta faɗa ciki ba ta da wata hanya sai ta famfo. Akwai alama biyu, ɗaya ta lokacin da inji ya huce, ɗaya ta lokacin da yake da zafi, kuma kowace da nata lokacin karantawa. A ɗiga man a farar takarda. In ya yi baƙi ko yana warin ƙuna, ƙari ba zai gyara shi ba, sai an zubar an sa sabo. In kuwa kullum yana raguwa, to yoyo ne, gama wannan mai ba ya ƙonewa kamar na inji.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen ƙari. Motoci da yawa na Japan jan mai suke sha, irin na Dexron. Tsofaffin Citroën kuwa kore ne nasu, mai suna LHM, wasu motocin Jamus kuma suna da nasu koren dabam. Launi kaɗai bai isa hujja ba, abin da aka rubuta bisa murfi ko cikin littafin mota shi za a bi. Man birki dai kada a kuskura, yana kumbura robobi ya lalata su. Man da ake sayarwa cikin kwalba marar suna a bakin tasha, ni a ganina arharsa tsada ce, musamman ga motar gwamnati wadda kayan gyaranta daga waje ake sayo su da kuɗin jama'a. Shugaban ma'aikata da ke sa hannu a takardar canjin man inji ya kamata ya riƙa tambaya ko an leƙa wannan ɗan tanki.

Da safe a bar inji ya yi minti biyu ko uku kafin a motsa, sa'an nan a juya sitiyari a hankali dama da hagu. Kada a danne shi a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar, don a nan ne turin mai ke kai matuƙa, a nan kuma tsohon tiyo ke fashewa. Ƙara mai kaifi kamar fito, wannan daga bel take, ya saki ko ya tsufa. In ya tsinke bisa hanya sitiyari ba ya mutuwa, amma yakan yi nauyi farat ɗaya, kuma a kwana, da kaya da fasinjoji, wannan ya isa ya kai mota rami. Direba ya riƙe da hannu biyu, ya rage gudu, ya sauka gefe.

Bayan an sake mai, makaniki ya ɗaga gaban motar da jak, ya murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da dama yana ƙara mai, har kumfa ta daina tasowa cikin tanki.