Gara Ba Ta Tafiya Mai Nisa, Mutane Ne Ke Ɗaukarta

'Yan'uwa, babu wanda za a koya wa ɓarnar gara a cikinmu. Mun san yadda take cin azara, ta lalata rumbu, ta bar ƙyaure kamar ƙwarya. Amma akwai abin da ba mu cika lura da shi ba. Gara ba ta iya tafiya mai nisa da kanta. Idan ta bayyana a wata ƙasa mai nisa, to mutum ne ya kai ta, a cikin katako. Shi ya sa wasu hukumomi suke kafa dokar killacewa, wato dokar hana fitar da itace daga yankin da ya kamu. Bari mu duba yadda aka yi a Amurka, mu ga abin da za mu koya.

Baƙuwar gara

Garar da muke magana a kanta ana kiranta garar Fomosa. Asalinta kudancin ƙasar Sin ne. An ba ta wannan suna domin a tsibirin Fomosa, wanda yanzu ake kira Taiwan, aka fara bayyana ta a rubuce a 1909. Masana sun yi imani ta shiga kudancin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a cikin akwatunan katako da jiragen ruwa suka dawo da su daga gabashin Asiya. Ta yi shekaru tana aiki a ɓoye. Sai a tsakiyar shekarun 1960 aka gano ta a jihohin Teksas da Luwiziyana.

Me ya sa ake tsoronta? Na farko, yawa. Gida ɗaya na wannan gara yakan tara miliyoyi. Na biyu, tana gina sheƙa da ƙasa da garin itace da yawunta, sheƙar kuma tana riƙe danshi. Saboda haka tana iya zama a cikin bango ko rufi, in dai akwai ɗigar ruwa, ba sai ta koma ƙasa ba. Na uku, ba busasshen katako kaɗai take ci ba, har itatuwa masu rai takan rarake cikinsu. A birnin New Orleans ta lalata tsofaffin gine-gine da manyan itatuwan bakin titi. Abin ya kai a 1998 gwamnatin Amurka ta fara wani babban shiri na yaƙi da ita a tsohuwar unguwar birnin.

Yadda take yaɗuwa

Kamar shingen da muke gani a farkon damina, masu fukafukanta sukan fito da almuru a watannin Afrilu zuwa Yuni, su taru a kan fitila. Amma tashinsu ba ƙarfi, da wuya su kai kilomita 1. In da a kan fukafukanta kaɗai ta dogara, da ta daɗe ba ta bar garin da ta sauka ba.

Abin da ya kai ta nesa shi ne ciniki. Babban misali shi ne tsofaffin katakan da ake shimfiɗa layin dogo a kansu. Idan an cire su, akan sayar wa mutane su yi shingen lambu. Mai saye yana murna ya samu araha, bai san ya kawo wa unguwarsu masifa ba. Kuma sai bayan wasu shekaru ɓarnar take fitowa fili, lokacin da gara ta riga ta kafu.

Dokar 2005

A ranar 29 ga Agusta 2005 guguwar Katrina ta afka wa Luwiziyana. Madatsun ruwa suka fashe, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na New Orleans. Bayan wata guda guguwar Rita ta biyo baya. Aka wayi gari da tulin karyayyun itatuwa da katakan rusassun gidaje, da yawansu da gara a ciki, domin ambaliyar ba ta gama da ita ba.

A farkon Oktoba na wannan shekara, ma'aikatar gona da gandun daji ta jihar, ƙarƙashin kwamishinanta Bob Odom, ta killace ƙananan hukumomi 12. Muhimman sharuɗɗan su ne:

1. Kada a fitar da itace ko katako daga yankin sai an yi masa hayaƙin magani ko wani maganin da hukuma ta yarda da shi, an kuma samu izini.
2. Ƙyaure da ginshiƙi da sauran katakon da aka ciro daga rusasshen gida, kada a sayar ko a sa su a wani gini kafin a yi musu magani.
3. Gidajen wucin gadi da aka ajiye a yankin, kada a ɗauke su zuwa wani wuri sai an bincika su.
4. Tarkacen itace a kai shi wuraren zubarwa da hukuma ta amince da su.

Dokar ta yi wa mutane nauyi. Wanda gidansa ya rushe, katakon da ya tsira shi ne ɗan abin da ya rage masa. Amma in aka bar kowa ya kwashi nasa ya tafi, to waɗanda suka karɓi baƙi hannu biyu su ne za su gaji garar. An takura wa mai katako na ɗan lokaci domin a kare maƙwabcinsa na shekaru.

Tambarin da ke jikin katako

Akwai kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002. Ta shafi akwatuna da katakan da ake ɗora kaya a kansu a tashar jiragen ruwa. Dole a gasa katakon har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani, sannan a buga masa tambari mai kamar zangarniyar alkama. Idan kun ga haruffan HT a jiki, an gasa shi ke nan. Irin waɗannan katakai suna shigowa kasuwanninmu, kafintoci suna yin benci da tebur da su. Sai dai tambarin shaidar maganin farko ce kawai. Idan katakon ya daɗe a yashe a ƙasa, gara na iya shigarsa daga baya.

Kada mu ɗauka matsalar ta wasu ce kaɗai. Akwai wata garar busasshen katako 'yar asalin Afirka ta Yamma wadda ta kai har Burazil da Indiya a cikin kayan katako. Mu ma muna iya zama masu kaiwa.

Abin da za mu iya yi

Bayan ambaliya ko gobara ko gudun hijira, mukan tattara azara da ƙyaure da gadaje daga wani gari zuwa wani domin taimako. Wannan aiki ne mai kyau, sai dai a yi shi da lura:

- A ƙwanƙwasa katako. In ya yi ƙara kamar ganga, a soka masa wuƙa a gani.
- A duba ko akwai hanyoyin laka a jikinsa, ko ƙananan ƙwayoyi kamar yashi suna zuba daga ramuka.
- Wanda ya kamu kada a ba da shi kyauta, kada a sayar. A ƙone shi a wurin da aka same shi.
- A jera katako a kan duwatsu ko bulo, kada ya taɓa ƙasa, kuma a toshe ɗigar rufi.
- In an ga irin garar da ba a saba gani ba, a sa 'yan kaɗan a kwalba a kai wa malamin gona.

Tambayoyi don tattaunawa

Daga ina katakon da muke gini da shi yake fitowa? Wa yake duba shi kafin a sauke? In an gano gara a kayan da aka kawo mana gudummawa, me za mu yi da su ba tare da mun ɓata wa mai bayarwa rai ba? Mu tattauna waɗannan a taronmu na gaba, tare da magina da kafintocinmu. Rigakafi ya fi magani.