Jalingo: Yadda hirar waya da takardar sanarwa ke kai haja kasuwar Abuja

Ma'aikacin da ya buɗe wayarsa a Sakatariyar Tarayya kafin a fara aikin safe, da wuya bai ci karo da hoton wata haja ba: kwandon busasshen kifi, galan ɗin zuma, buhun shinkafa 'yar gida ko kwalin ganyen shayi. A ƙarƙashin hoton akwai lambar waya da 'yar gajeriyar magana cewa ana aikawa ko'ina a faɗin ƙasa. Wani kaso na irin wannan kaya daga Jihar Taraba yake fitowa, kuma Jalingo na cikin wuraren da ake ɗaure shi a saka a mota.

Jalingo ta zama babban birnin jiha ne ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba tsohuwar Jihar Gongola gida biyu. Allah ya albarkaci jihar da doyar Wukari, da shinkafar fadamun Gassol da Lau da Karim Lamido, da kifin Ibi a bakin Kogin Binuwai, da shanun kasuwar Iware, da shayin tsaunin Mambilla. Abin da ya daɗe yana ci wa 'yan kasuwarta tuwo a ƙwarya shi ne nisa. Daga Jalingo zuwa Abuja tafiyar yini guda ce a mota, kuma tun da gadar Namnai da ke kan hanyar Wukari ta karye a daminar 2024, direbobi suka ƙara ɗanɗana kuɗarsu. Wanda ke nesa haka da masu saye, dole ya nemi hanyar da sunansa zai riga kayansa isowa.

Hanyoyi biyu ne suka fi araha a yau: hira a kafafen sada zumunta, da takardar sanarwa ga manema labarai. Kowacce na da aikinta, kuma yawancin asarar da ake tafkawa daga cakuɗa su take tasowa.

Tsohuwar sana'a a sabon dandali

Talla da baki ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sankira na shela a bakin kasuwa, 'yar talla na zaga gidaje da tire, dillali na tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa ya ci la'adarsa. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne dillali, domin abin da yake sayarwa a zahiri shi ne yarda. Idan ya ce sa lafiyayye ne, sunansa ya jingina.

WhatsApp da Facebook da TikTok sun gaji dukkan waɗannan ayyuka uku. Da WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a Janairun 2018, ƙaramin ɗan kasuwa na iya jera hotunan kayansa da farashinsu ba tare da ya biya kuɗin shago ba. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 kuwa ya koya wa mutane da yawa biyan kuɗi ta tiransifa, har waɗanda a da ba su yarda da komai sai kuɗi a hannu.

Sai dai hoto kaɗai ba ya ƙulla ciniki. A ɗauki misalin mai sayar da busasshen kifi a Jalingo da ta ɗora hotonsa da safe. Tambayoyin da za su biyo baya sanannu ne: nawa ne kwali, wane irin kifi ne, yaushe aka banda shi, wa zai biya kuɗin mota, a wace tasha za a karɓa, idan ya iso a farfashe fa? Amsar kowace tambaya mutane da dama ke karanta ta, har da waɗanda ba su ce uffan ba. Wadda ta amsa cikin awa guda, ta faɗi farashi a fili, ta aika hoton kwalin da lambar direba bayan an loda, ta yi tallar da ta fi hoton farko ƙarfi. Wadda kuwa kullum amsarta ita ce a biyo ta ta bayan fage, ta bar masu kallo da zargin cewa farashin ya danganta da fuskar mai tambaya.

A irin wannan ciniki mai saye ne ke fara sakin kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba. Shi ya sa shaidar wanda ya riga ya saya take da nauyi. Ma'aikaciya ɗaya da ta yaba kayan a zauren WhatsApp na ofishinsu ko na 'yan garinsu mazauna Abuja, ta yi aikin dillali ba tare da an ba ta la'ada ba. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma wanda kuɗinsa ya dawo gida ba ya yin shiru.

Abin da takardar sanarwa ke iyawa

Ita takardar sanarwa ga manema labarai, asalinta ma ba daga talla ta samo tushe ba. A Oktoban 1906 wani jirgin ƙasa ya faɗa ruwa daga kan gada a Atlantic City da ke Amurka, mutum fiye da 50 suka mutu. Ivy Lee, wanda ke yi wa kamfanin jirgin Pennsylvania aikin hulɗa da jama'a, ya shawo kan kamfanin ya rubuta abin da ya faru ya miƙa wa 'yan jarida da kansa, kafin jita-jita ta cika gari. Jaridar New York Times ta buga bayanin yadda aka rubuta shi. Ana ɗaukar wannan a matsayin mafarin sanarwar zamani, kuma abin lura shi ne mummunan labari ta ɗauko.

Wannan tushe bai sauya ba. Editan da ke Abuja, ko wakilin Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya a Jalingo, ko ɗakin labaran gidan rediyon jiha, abu guda suke nema a takarda: me ya faru da mai karatu bai sani ba? Buɗe injin casar shinkafa da zai ɗauki ma'aikata labari ne. Samun lambar rajistar NAFDAC labari ne. Yarjejeniyar sayen zuma daga ƙungiyar masu kiwon ƙudan zuma labari ne. Amma cewa kamfani ya himmatu wajen gamsar da abokan hulɗarsa, wannan kirari ne, kuma kwandon shara yake ƙarewa.

Takarda mai amfani shafi ɗaya ce. Sakin layi na farko ya faɗi wane ne, me ya yi, a ina, yaushe. A biyo da alƙaluman da za a iya tabbatarwa, da maganar mutum ɗaya mai suna da muƙami, da hoto mai kyau, da lambar da za a kira a ɗauka. Ga ɗan kasuwar Jalingo, akwai fa'ida a rubuta ta da Hausa da Turanci, domin rediyo ne ke kai saƙo ƙauyukan da ake sayo kayan, jaridun intanet kuma su kai shi ga masu saye a birane.

Da wuya sanarwa ta sayar da ko kwali ɗaya a ranar da aka buga ta. Amfaninta daga baya yake fitowa. Ranar da jami'in banki ko na hukumar SMEDAN ko mai babban kanti a Wuse ya bincika sunan kamfanin a intanet, labarin da jarida ta buga shi ne shaidar cewa akwai shi, kuma ya daɗe. Hira tana shuɗewa cikin awa 24, labari kuwa yana zama. Sai dai a bambance labari da talla da aka biya. Wanda ya saka ambulan don a buga masa yabo ya sayi fili ne kawai, kuma masu karatu sun iya gane ƙamshin irin wannan rubutu.

Darasi daga shayin Mambilla

Babu hajar Taraba da ta samu yawan sanarwa kamar shayin Highland, wanda kamfanin Mambilla Beverages ke sarrafawa a Kakara, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna. A zamanin Gwamna Darius Ishaku, daga 2015 zuwa 2023, farfaɗo da masana'antar ya kasance cikin abubuwan da gwamnati ta fi ambato a jawabai da takardun manema labarai, tare da gonar kayan lambu ta cikin rumfunan zamani da aka kafa a Jalingo. Sakamakon haka, mutane da yawa da ba su taɓa taka Gembu ba sun san cewa ana noman shayi a Najeriya.

Wannan shi ne iyakar abin da sanarwa ke iya yi: ta sa a san suna. Abin da ya rage aikin kasuwa ne. Wanda ya karanta labarin a Garki, tambayarsa ta gaba ita ce a wane kanti zai samu, kuma nawa ne. Jawabin gwamna ba ya amsa wannan tambaya, sai dila da mai shago da wanda ke riƙe da wayar kamfani. Ƙananan 'yan kasuwa na da akasin wannan matsala: suna amsa tambaya dare da rana, amma babu inda aka rubuta sunansu. Wanda ya haɗa biyun shi ne ya ci kasuwa.

Ranar da ƙorafi ya zo

Gwajin gaskiya na zuwa ne ranar da wani ya rubuta a bainar jama'a cewa kaya ba su yi ba. Ma'aikatan Abuja ba za su manta da abin da ya faru a Satumban 2023 ba, lokacin da wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika sukari. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta suka kawo ta Abuja, daga baya aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Kamfanin ya tsaya kan cewa an ɓata masa suna. Amma maganar da mutum 'yan dubbai suka gani ta koma labarin da kafafen duniya suka ɗauka, har da kiraye-kirayen a ƙaurace wa kayan.

Magana zarar bunu ce, a intanet kuwa har hotonta ake ɗauka a ajiye. Ɗan kasuwar da aka yi wa ƙorafi na da hanya mafi sauƙi: ya amsa a inda aka yi maganar, ya nemi hujja, idan laifinsa ne ya maye gurbin kayan, sannan ya dawo ya faɗa a fili cewa an daidaita. Masu kallo sun san kowa na kuskure. Abin da suke son gani shi ne yadda za a yi da su idan nasu ya ɓaci.

Filin aro, da dokar da ke kansa

Akwai kuma hatsarin gina shago a filin da ba naka ba. Daga 5 ga Yuni, 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, kuma waɗanda can kaɗai suke samun masu saye suka wayi gari babu kasuwa. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duk duniya na kusan awa shida. Littafin da ke ɗauke da sunayen abokan ciniki da lambobinsu, wanda suka bayar da yardarsu, ya fi yawan mabiya daraja.

Batun yarda a nan ba ladabi kaɗai ba ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta tsara yadda za a tattara bayanan mutane a yi amfani da su, don haka kwashe lambobi daga zauren ofis a yi ta aika musu talla na iya jawo magana. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin APCON ta tanadi a tantance talla kafin a sake ta, har da ta intanet, kuma a Oktoban wannan shekara hukumar ta maka kamfanin Meta a kotu tana neman naira biliyan 30. Mai zumar da ya rubuta cewa tana warkar da ciwon suga kuwa, ya shiga hurumin NAFDAC da na hukumar kare masu saye ta FCCPC a lokaci guda.

Inda abin ya shafi ma'aikaci

Ma'aikatan tarayya da hadiman manya na da hannu a wannan kasuwa ta fuska uku. Su ne masu saye, su ne 'yan uwan masu sayarwa, kuma da yawansu rubuta sanarwa ne abincinsu. Wanda ya iya tsara jawabin minista zai iya taimaka wa ƙanwarsa a Jalingo ta rubuta shafi ɗaya mai ma'ana ranar da ta samu rajista.

Amma akwai iyaka. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Shafin WhatsApp da kullum ke tallata kaya da lambar asusun ma'aikaci shaida ce da shi ya rubuta da hannunsa. Amfani da takardar ofis, ko sunan mai gida, ko alaƙar da aiki ya haɗa shi da 'yan jarida don tallata hajar dangi, shi ma cin karo ne tsakanin amanar ofis da buƙatar kai.

Ga mai saye kuwa, abin dubawa kaɗan ne kafin a tura kuɗi Jalingo: ko sunan asusun ya dace da sunan kasuwancin, ko akwai rajista da hukumar CAC, ko akwai wanda aka sani da ya taɓa saye, da kuma yadda mai kayan ya amsa ƙorafin ƙarshe da aka yi masa. Idan waɗannan sun cika, saura jiran kiran direba daga tasha.