Zafin Bazara Da Zuciyar Tsofaffi

Makon nan ba zancen taki ko iri na zo da shi ba. Zancen waɗanda suka koya mana noma ne, watau iyayenmu da kakanninmu, da yadda za mu fid da su bazara lafiya.

Ga abin da ya sa na ɗauko maganar. Bara, cikin watan Afrilu, a wani ƙauye da na ke zagayawa, mun yi rashin wani dattijo mai shekara wajen 70, wanda ya fi kowa a garin sanin irin gero. Ya fita sharar gona tun da sassafe, yana tara kara yana ƙonawa, har rana ta take bai komo ba. Jikansa ya tarad da shi zaune, jiki zafi rau, yana maganar da ba kai. Aka ce iska ce ta buge shi, aka kwantar da shi cikin ɗakin kwano, aka yi ta turare. Kafin a sami mota da la'asar, rai ya yi halinsa. Ran nan kuwa shanunsa suna ƙarƙashin rumfa, an shayar da su har sau biyu. Ba wanda ya tambayi mai shanun ko ya sha ruwa.

ABIN DA ZAFI KE YI WA ZUCIYA

Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas, jiki kuwa ba ya yarda ya wuce haka. In rana ta yi zafi, dabara biyu gare shi. Ta farko, ya turo jini zuwa fata domin zafi ya fita. Ta biyu, ya yi gumi. Aikin gumi kamar na randa ne: ruwa ya tsatso ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi.

To, wa ke turo jinin nan? Zuciya ce. Mutum na zaune, zuciyarsa tana harba jini kamar lita 5 a minti guda. Cikin tsananin zafi aikin yakan kusa ninkawa. Mai aikin gona cikin rana kuwa yana iya zubar da gumi lita guda a awa ɗaya. In bai mai da ruwan ba, jini ya ragu, ya yi kauri. Duk mai noman rani ya san abin da ke samun tsohon injin ban ruwa in aka matsa masa alhali rijiya ta ja baya. Haka zuciyar tsoho ta ke. Daga nan a kan sami ciwon zuciya farat ɗaya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ƙoda ta gaza.

Tsoho ya fi yaro shiga haɗari domin abu uku. Guminsa ya ragu, kamar tsohuwar randa wadda ta toshe. Ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai jiki ya riga ya bushe. Sa'an nan da yawansu suna da hawan jini ko ciwon sukari, waɗansu ma ba su sani ba.

Kada wani ya ce ai mu 'yan ƙasar zafi ne, mun saba. A shekarar 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa, galibinsu tsofaffi. In kun ce waɗannan Turawa ne, to, ga maƙwabtanmu. Ran 3 ga Afrilu, 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Bamako, asibitin Gabriel Toure ya ƙidaya mamata 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun 2023 duka 130 aka ƙidaya. Kusan rabinsu sun haura shekara 60.

ABIN DA ZA MU YI

1. Lokacin aiki. Daga Maris zuwa Mayu, tsoho ya fita da sassafe ya komo da hantsi. Daga ƙarfe 11 zuwa la'asar ba shi ba gona. Ƙonar kara, da ɗaukar taki, da saran itace, a bar wa samari. Ku yi hankali ƙwarai da ranar shuka. Bayan ruwan farko iska tana da laima, gumi ba ya bushewa, ga shi kowa yana gaggawa. Ran nan Baba ya zauna inuwa ya raba iri, aikinsa ke nan.

2. Ruwa. Kada a jira ya ce yana jin ƙishirwa. A sa yaro guda ya riƙa kai masa kofi ɗaya kowace awa. Kunu, da fura mai ruwa-ruwa, da kankana, duk suna taimako. In fitsari ya yi kaɗan, ya yi ja, ruwa bai isa ba. Amma wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, sai ya koma ya tambayi adadin da zai sha da bazara. In azumi ya faɗo cikin zafi, kamar yadda ya yi a 2024, tsoho mai ciwo ya nemi shawarar likita da ta malamai tun kafin a ga wata.

3. Wurin kwana. Zafin dare ya fi ɓarna, gama da dare ne zuciya ke samun hutu. Kwano yana gasa ɗaki da rana, bulon siminti kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. Mun sha gina wa iyaye ɗakin kwano don girmamawa, mu fid da su daga soron ƙasa wanda ya fi sanyi da rana. In haka ne, a shimfiɗa zana ko karan dawa bisa kwanon, ko a shafa masa farin fenti, a kuma buɗe tagogi da dare. Mafi sauƙi, a yayyafa ruwa a tsakar gida da magariba, a yi masa shimfiɗa waje cikin gidan sauro.

4. Jiƙa jiki. A tsoma mayafi cikin ruwa, a matse, a yafa masa, a yi fifita. Fanka ita kaɗai ba ta da amfani in zafin ɗaki ya wuce digiri 40, iska mai zafi za ta yi ta hura masa. Sai an jiƙa fata tukuna. Tufa kuwa ta zama fara, ta auduga, mai yalwa, da malafa in za a fita.

5. Magani. Waɗansu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, su ƙara busar da jiki. Kada a daina sha don ra'ayin kai. A kai tsohon a auna jininsa farkon bazara, a nuna wa likita ƙwayoyin. Kada kuma a ajiye su bisa taga inda rana ke bugu.

6. Inuwa. In kuna shara, ku bar 'ya'yan gawo su tashi. Gawo yana zub da ganye da damina, bai tare wa gero rana ba, da bazara kuwa ga ganye ga inuwa. Dogon yaro guda a ƙofar gida ya fi rumfar kwano.

'Yan kasuwa, ku dubi dattawan da ke wuni cikin rumfunan kwano, ku ajiye randa kusa. Ku kuma ma'aikatan ofis, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, takan yi gargaɗi in za a yi tsananin zafi. In kun ji, ku aika gida ran nan.

IN ABIN YA AUKU

In tsoho ya ce jiri ya ke ji, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a kwantar, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Amma in jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya ruɗe ko ya suma, wannan bugun rana ne, yana kisa cikin 'yan awoyi. A tuɓe masa manyan tufafi, a yi ta kwarara masa ruwa, a sa jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya da hamata da matsematsi, ana fifita, wani kuma ya ruga neman mota. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Haka nan in ya ji ƙirji ya ɗaure, ciwo yana sauka hannu ko muƙamuƙi, numfashi yana sarƙewa, sai asibiti nan da nan, ba a jira sanyin la'asar.

Abu guda ya rage, shi ne mafi wuya. Tsoho ba ya son a ce ya gaza. Kada ka ce, "Baba, ba ka iyawa." Ka ce, "Baba, zauna nan ka duba mana irin nan, mu ba mu san mai kyau ba." Zai zauna, kuma gaskiya ka faɗa.

Allah ya fid da mu bazara lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.